Yayan Matata Yana Azumin Kaffarar Laifin da Ni Na Aikata

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Hajiya mai wannan shafi, da duk wanda idonsa zai sauka a kan wannan saƙo. Ina yi muku fatan alheri. Hajiya, don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, domin a Daura idan ka yi tari a bakin kasuwa sai an gaishe ka da jiki a ƙofar gidanku. Sunayen da za ku gani a nan ma duk na aro ne. Ku kuma masu karatu, ina roƙonku kada ku yanke min hukunci kafin ku kai ƙarshe. Ba wai don ban cancanci zagi ba, na cancanta, sai dai babu kalmar da za ku jefe ni da ita wadda ban riga na jefi kaina da ita ba. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min.

Ni magidanci ne, da mata ɗaya da 'ya'ya biyu. Ina aikin kwamfuta a wani asibiti mai zaman kansa a nan Daura, wanda yake da reshe a Zango. Bari in ɗan yi bayanin aikin don ku gane abin da na yi. Asibitinmu ya daina amfani da katin takarda. Duk abin da likita ya rubuta game da majiyyaci, ciwonsa, maganin da aka ba shi, da maganin da jikinsa ba ya karɓa, yana tafiya ne cikin wasu manyan kwamfutoci da muke kira sabobi, a wani ƙaramin ɗaki mai sanyi bayan ɗakin magani. Saboda gudun gobara ko ruwa, akwai wasu sabobin a reshen Zango da muke kira na ko-ta-kwana. Aikinsu ɗaya ne: duk abin da aka rubuta a Daura su kwafe shi nan take, ta yadda idan na Daura suka mutu, a juya asibiti kansu a ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Umarnin da suke bi yana cikin fayil guda, wato saiti, kuma idan ka canza layi ɗaya a cikinsa, nan da nan canjin zai bazu a kan dukkansu. Shi ya sa aka kafa doka: ba mai taɓa saiti sai mutum na biyu ya duba. Kuma duk wanda ya shiga ya taɓa wani abu, na'ura tana rubuta sunansa da lokacin da ya shiga a wani wuri da muke kira log. Mu biyu ne kawai a ofishin, ni da shugabana.

Shugaban nawa, zan kira shi Yaya Lawal, ba shugaba ba ne kawai. Yayan matata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya ɗauko ni lokacin ina gyaran wayoyi a wata rumfa, takardar makarantata tana cin ƙura a akwati. Shi ya koya min aikin nan tun daga yadda ake haɗa waya har zuwa yadda ake karanta log. Shi ya tsaya min a wajen mahaifinsu lokacin da na nemi auren ƙanwarsa Bilkisu, wasu a dangi suna cewa ba ni da abin riƙe ta. Mutum ne wanda idan ya ce maka ƙarfe kaza, to ka same shi a wurin kafin lokacin. Shi ya yi ta naci a kan mai asibitin har aka sayi sabobin Zango, ana yi masa dariya ana cewa yana sayen likkafani ga mai rai. Yana da ciwon suga, amma ban taɓa jin ya kafa hujja da shi don ya bar aiki ba.

Abin ya fara ne lokacin da mahaifinsu ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Aka kai shi Katsina, Yaya Lawal ya koma kusan can, yana jinya, yana leƙa aiki ta kwamfutarsa daga gefen gadon Baba, wani lokaci ya kwana bai runtsa ba. A daidai lokacin ne netwok ɗin da ke haɗa Daura da Zango ya fara ciwo. Batiran sola na Zango sun tsufa, layin yana yankewa yana dawowa, kwafin bayanai ya kasa tafiya yadda ya kamata. Duk lokacin da ya tsaya, na'ura sai ta aika saƙon gargaɗi zuwa wayata, da ta Yaya, da ta mai asibitin, wanda muke kira Dakta. Saƙo a kan saƙo, safe da rana. Wata rana Dakta ya tare ni a baranda, gaban ma'aikatan jinya, ya ɗaga min wayarsa ya ce, “Kai, wannan jan saƙon yaushe zai ƙare? Ina duba mara lafiya waya tana ta kuka a aljihuna.” Na ce, “Ranka ya daɗe, netwok ne da batira, mun rubuto a sauya su.” Ya ce, “Ban tambaye ka dalili ba. Wato idan Lawal ba ya nan, shi ke nan, babu mai iya komai a ofishin nan?” Ma'aikatan suka sunkuyar da kai, ɗaya ta danne dariya. Wallahi maganar ta zauna min a ƙirji kamar garwashi.

Me ya hana ni kiran Yaya? Na gaya wa kaina wai ba na son in ƙara masa damuwa yana jinyar mahaifinsa. Ƙarya nake yi wa kaina. Gaskiyar ita ce so nake a ce ni ma na iya. Na zauna na duba, na ga abin da ya fi nauyi a layin shi ne bayanan majiyyata, su ne suke toshe hanya. Idan na cire su daga jerin abin da ake kwafewa, sauran ƙananan abubuwa za su wuce salin alin, gargaɗin ya daina fita. Nawa izinin bai kai in taɓa saiti ba. Amma na san kalmar sirrin Yaya. Shekarun baya, wata rana motarsu ta lalace a hanyar Dutsi ana nemansa da gaggawa, ya faɗa min ita ta waya, kuma bai taɓa sauya ta ba. Na gwada, ta buɗe. Na shiga da sunansa, na goge layi ɗaya, na danna. Canjin ya bazu a kan sabobin Zango gaba ɗaya. Allon da ya yi makonni yana ja ya koma kore shar. Na ce a raina na kwana biyu ne, da an kawo batira zan mayar. Washegari Dakta ya wuce ni ya ce, “Ashe kai ma ka iya.” Na ji daɗi. Ku ji fa, na ji daɗi.

Baba ya rasu. Aka yi zaman makoki, na yi ta hidima da baƙi, ana cewa Allah ya ba su suruki nagari. Yaya ya dawo aiki a rame, ya zauna a kujerarsa ya ce, “Yaya Zango?” Na ce, “Lafiya lau, Yaya, kore ne.” Ya kalli allo ya ce, “Alhamdulillahi. Ka riƙe gida.” Aka kawo batiran, aka gyara layin. To me ya hana ni mayar da layin da na goge? Ba mantuwa ba ce, kada wani ya yi min wannan uzurin. Na tuna sau ba adadi, har a cikin sallah. Amma na san idan na mayar, bayanan da suka taru za su taso gaba ɗaya su cika layin, gargaɗi ya dawo, Yaya ya buɗe log ya ga an shiga da sunansa a ranar da shi bai shiga ba. Sai in ce bari sai ya yi tafiya. Da ya yi tafiya sai in ce bari sai ƙarshen wata. Kullum abin yana ƙara girma, kullum ina ƙara jin tsoron taɓa shi, kamar maruru da ka bari ya nuna a inda ba ka son a gani. Akwai gwajin da muke yi lokaci zuwa lokaci, a je Zango a tabbatar sabobin suna ɗauke da komai. Yaya ya yarda da ni, ni yake turawa. Sai in hau babur in je, in kunna, in buɗe fayil ɗin wani tsohon majiyyaci wanda na san tun kafin canjin yana ciki, in ɗauki hoton allon in tura masa. Ya amsa, “Madalla.” Haka watanni suka shige.

Sai damina ta faɗi. Wata rana bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso irin wadda take tumɓuke dalbejiya. Ta yaye kwanon rufin ɓangarenmu kamar an buɗe murfin tukunya, ruwa ya zubo kai tsaye cikin ɗakin sabobi. Kafin mu kashe wuta mun ji ƙauri. Duka suka ƙone. Asibiti ya rikice, Dakta ya fito ba hula yana tambaya, “Shi ke nan? Komai ya tafi?” Yaya Lawal, jiƙe sharkaf, ya ce, “Ranka ya daɗe, don irin wannan ranar muka yi tanadi.” Ya zauna a ofishin akawu da kwamfutarsa, ya juya asibiti zuwa Zango. Kafin a kira magariba allunan likitoci sun dawo. Ma'aikata suka yi ta kabbara, Dakta ya riƙe hannun Yaya da hannu biyu ya roƙe shi ya yafe masa duk musun da ya yi masa a baya. Yaya ya juyo ya dafa kafaɗata, idonsa da ƙwalla, ya ce, “Ka ga amfanin wahalar da muke sha?”

Jama'a, a nan ne ainihin laifina yake. Goge layin nan kuskure ne na girman kai, amma shirun da na yi a wannan yammaci, shi ban san sunan da zan ba shi ba. Ni kaɗai a duk ginin na san abin da ke kan allunan nan tsohon labari ne, na watanni da suka wuce. Magana ɗaya ta isa. In ce, “Yaya, a gaya wa likitoci kada su dogara da abin da suke gani, su sake tambayar kowa daga farko.” Na buɗe baki, na kalli yadda ake rungumarsa, na rufe. Na ce gobe da safe zan same shi shi kaɗai in faɗa masa a hankali.

Gobe da safe ta riga ni. Aka kawo wata mata daga wani ƙauye ta wajen Mai'adua, zazzaɓi ya ci ƙarfinta ba ta san inda take ba. Mijinta ya tafi kasuwar dabbobi, maƙwabta ne suka ɗauko ta. Tsohuwar majiyyaciyarmu ce, fayil ɗinta yana nan, likitan da ke aiki ya buɗe ya ga komai daidai. Abin da bai gani ba shi ne, a cikin watannin nan da na yanke, an taɓa yi mata wata allura ta kusa kashe ta, wani likita ya rubuta da jan rubutu cewa kada a sake ba ta irinta har abada. Wannan rubutun ya ƙone a Daura, bai taɓa isa Zango ba. Aka yi mata allurar. Ina ɗakinmu ina kwashe ruwa da bokiti na ji gudun ƙafafu a baranda, ana kiran Dakta. Kafin azahar matar ta cika. Ta bar yara, ƙaramin yana goye. Da mijin ya iso, zan kira shi Malam Idi, bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Ya tsaya riƙe da sandarsa yana maimaita magana ɗaya: “Amma likita ya ce min kada in damu da riƙe sunan maganin. Ya ce an rubuta a na'ura, duk ranar da aka kawo ta za a gani.” Ina tsaye a bayan ƙofa ina ji.

Dakta ya ɗauko wani masani daga Katsina ya binciki abin da ya faru. Bai sha wahala ba. Ya buɗe log na sabobin Zango, ya ga ranar da aka cire bayanan majiyyata daga kwafi, ya ga sunan wanda ya cire. Aka tara mu a ofishin Dakta, ya juyo da allon ya nuna. Lawal. Na'ura ba ta san hannu ba, suna kawai ta sani. Na zuba wa Yaya ido ina jiran ya juyo ya kalle ni, ina jiran ya ce ai akwai wanda ya san kalmar sirrina. Wallahi wani ɓangare na zuciyata so yake ya faɗa in huta. Bai juyo ba. Ya daɗe yana kallon kwanan watan, sannan ya ce a hankali, “Lokacin Baba yana asibiti ne. Ina aiki ba barci. Gargaɗin nan yana damuna ƙwarai.” Ya ƙara da cewa, “Ban tuna ba. Amma sunana ne, kuma babu mai wannan izinin sai ni. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ne.” Dakta ya tambaye ni ko ina da abin cewa game da gwaje-gwajen da nake zuwa yi. Kafin in haɗa kalma, Yaya ya tare, ya ce, “Yadda na koya masa haka yake yi. A bar shi, laifin tsarina ne.” Aka sallame shi daga aiki. Mutumin da ya gina wurin nan da hannunsa ya fita da 'yar jakarsa da butarsa. Da sati ya zagayo aka ce in koma kujerarsa, tunda ba wanda ya san tsarin sai ni. Na zauna a kai. Har yau a kai nake zaune.

Sau ɗaya ya taɓa tambayata. Muna zaune a zauren gidansa, ya ce, “Don Allah ka taimaka min da tunani. A kwanakin nan, na taɓa kiranka na ce maka zan taɓa saiti? Ko na yi maka wata magana mai kama da haka? Ina ta juya kaina na kasa gano lokacin da na yi.” Ba tuhuma a muryarsa, ko kaɗan. Neman taimako yake yi, kamar wanda ya ɓatar da makulli. Na ce, “Ban tuna ba, Yaya.” Ya gyaɗa kai ya ce, “Ka ga irin abin da gajiya take sa mutum. Kai dai ka kiyaye, kada ka taɓa aiki kana cikin damuwa.” Nasiha yake yi min. Ni.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na ci gaba da haɗiye shi kamar yadda matsorata suke yi. Amma Yaya ya je wajen malaminsa ya ba shi labari, ya tambayi hukuncin wanda ya yi sanadin rai bisa kuskure. Malamin ya yi masa bayani, ya ce lamarin yana da sarƙaƙiya, ba shi ya yi allurar ba, kuma ga ciwonsa, kada ya matsa wa kansa. Yaya ya ce shi zuciyarsa ba za ta kwanta ba sai ya yi azumin kaffara, wata biyu a jere. Mai ciwon suga. Likita ya hana, mahaifiyarsu Hajiya ta yi kuka, matarsa ta roƙe shi, ya ce su bar shi ya wanke kansa tun yana da numfashi. Ya fara. Ina kallonsa yana zubewa, wuyan rigarsa yana ƙara faɗi. Bilkisu kullum da yamma sai ta dama kunu ta soya ƙosai ta ce in kai wa yayanta buɗa-baki, kuma ni nake ɗauka a babur. In zauna gefensa a tabarma, a kira sallah, ya sha ruwa, ya ɗaga hannu ya roƙa wa matar nan gafara, ya roƙa wa kansa, sannan ya sa ni a addu'a, wai Allah ya tsare ni daga irin abin da ya same shi. In ce amin. Wane irin mutum ne yake cewa amin a wannan wurin?

Na yi yunƙurin gaya wa Bilkisu. Wata safiya tana shirya yara za su makaranta na ce, “Bilki, akwai maganar da nake son mu yi game da Yaya.” Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, “Ni ma ina son in yi maka godiya, Baban Hanifa. Abokansa duk sun ja baya, a gari ana nuna shi da baki, kai kaɗai ka tsaya masa. Hajiya ta ce ko ɗan da ta haifa iyakar abin da zai yi ke nan.” Sai ta fashe da kuka. Na rarrashe ta, na ɗauki makullin babur na fita. Abinci ya daina yi min daɗi, na rame ni ma, mutane suna cewa tausayin surukina ne yake cina, suna ƙara yabona. Kowane yabo kamar ana ɗora min bulo a ka.

A wajen aiki na gyara komai. An sayi sababbin sabobi, kowa yana da nasa izinin, kalmar sirri tana sauyawa, ba a taɓa saiti sai mutum biyu sun sa ido, gwajin Zango kuwa yanzu na gaske nake yi, ina buɗe fayil ɗin wanda aka rubuta a ranar. Dakta yana cewa ba a taɓa samun tsari irin nawa ba. Na ɗauka wannan zai rage min nauyi. Bai rage komai ba. Gyaran bai dawo da uwar yaran nan ba, bai mayar wa Yaya da sunansa ba. Kuma babu wata shaida a ko'ina da za ta tona ni, log ɗin ma shi yake nunawa. Idan na yi shiru, har in mutu ba mai sani sai Allah. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

A makon jiya Yaya ya yanke jiki ya faɗi a masallacin unguwarsu bayan la'asar. Aka kai shi wani asibiti, ba namu ba, don ya taɓa cewa ba zai iya haɗa ido da ma'aikatan can ba. Aka sa masa ruwa. Da ya farfaɗo ya ga robar a hannunsa, abin da ya fara tambaya shi ne ko rana ta faɗi kafin a sa. Aka ce a'a. Ya juya fuska bango ya yi kuka irin wanda ban gani ba ko ranar da Baba ya rasu. Malamin ya zo ya ce masa larura ce, idan ya warke ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya ce a'a, shi daga farko zai sake, ba ya son ya je gaban Allah da shakka. Likitan ya ja ni gefe, tunda ni ne namijin da ke tsaye a kansa, ya ce, “Ku hana shi. Jikinsa ba zai ɗauki wani zagayen ba.” Ni aka ce in hana shi. Kuma ni kaɗai nake da maganar da za ta hana shi.

Na san abin da da yawanku za ku ce, ku ce in faɗi gaskiya. Ni ma na sani. Amma ku taya ni duba. Idan na faɗa, aikina ya tafi, wannan bai dame ni sosai ba. Wataƙila a kai ni kotu, shi ma na yarda. Amma Bilkisu fa? Za ta ci gaba da zama da mutumin da ya zauna yana kallon yayanta yana narkewa, yana kai masa kunu? 'Ya'yana za su tashi a garin nan da wane suna? Hajiya mai hawan jini, wadda ba ta gama jimamin mijinta ba, za ta ɗauka? Shi kansa Yaya, wanne ne zai fi karya shi, laifin da yake zaton nasa ne, ko sanin cewa wanda ya ɗauka ƙani ya dube shi ido da ido ya ce bai tuna ba? Ko kuwa duk waɗannan tambayoyin wata sabuwar dabara ce ta irin wadda na saba, ta bari sai gobe? Na fara tunanin in yi azumin ni ma a ɓoye, amma azumin ɓoye zai wanke hakkin mutumin da yake raye, yake ɗauke da kayana a kansa?

Jiya na je duba shi, an sallamo shi yana gida. Ya sa matarsa ta ba mu wuri, ya kama hannuna ya ce, “Ina son ka yi min wata alfarma. Kafin in sake ɗaukar azumin, ina son in je wajen Malam Idi in durƙusa in nemi yafiyarsa, in ga yaran nan da idona. Ba zan iya tuƙi ba, kuma ba na son kowa ya ga wannan ranar sai kai. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, ka zo ka kai ni. Ka tsaya kusa da ni, idan bakina ya kasa, ka ƙarasa min.” Na ce to.

Juma'a ta kusa. Zan goya shi a bayana a babur har ƙofar gidan mutumin nan, kuma ban san wanda ya kamata ya durƙusa a cikinmu ba sai ni. In faɗa masa kafin mu tafi, mu biyu a zaure? In fara da Bilkisu? In je wajen Dakta? Ko in bari sai ya ƙara jin ƙarfi, alhali na san jiran da na yi ta yi ne ya kawo mu nan? Don Allah duk mai ilimi ko mai hankali a cikinku ya ba ni amsa, ko da mai ɗaci ce.

Me zan yi?